Katin Taimakekeniyar Lafiya: Ka Tambaya Kafin Ka Biya

Mai gida, dominka aka rubuta wannan takarda. In ba ka iya karatun boko ba, ka sa yaronka ya karanta maka da dare bayan an ci tuwo. Uwargida da amarya su matso kusa su ji, gama su ne su ka fi ka zuwa asibiti da yara.

Ni malamin asibiti ne, na fi shekara 20 ina ba da magani a ƙauyukan ƙasar Dutse. Na ga gidaje da yawa da cuta ta shiga ta fita, mai ciwo ya warke, amma gidan bai sāke miƙewa ba saboda kuɗin magani. Ciwo ba ya jiran kaka. Ya kan zo cikin Agusta, sa'ad da sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, gero kuwa bai nuna ba. Sai ka ga mutum ya ja akuyar matarsa zuwa kasuwar Shuwarin. Dillali ya dubi idonsa ya san a matse ya ke, ya taya yadda ya ga dama. Wani ya sayar da riɗi tun yana gona, wani ya jinginar da gonar ɗungum. Masu lissafi sun ce cikin ko wace naira 100 da a ke kashewa wajen magani a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa su ke fita.

Saboda wannan ne Gwamnati ta fito da abin da a ke kira inshorar lafiya. A nan Arewa mun fi kiransa taimakekeniya. Watau mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan kaɗan a asusu guda tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a ɗiba a yi masa magani.

Amma fa ka gane tun yanzu, wannan ba adashi ba ne. A adashi kowa yana da ranar kwasa. A nan in shekara ta kewayo ba wanda ya yi ko ciwon kai a gidanka, ba za a maido maka da ko kwabo ba. Kuɗinka ya tafi wajen haihuwar wata mata da ba ka sani ba a Kiyawa ko Miga. Ya fi kama da gayya: ka yi wa wani noma yau, ranar da taka gonar ta fi ƙarfinka a zo maka. Na sha ganin mutum ya zo ƙarshen shekara yana neman a ba shi "sauran kuɗinsa". Babu saura.

An fara shirin na Tarayya a 2005 da sunan NHIS, ma'aikatan Gwamnati ne kuwa su ka fi cin amfaninsa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, aka mai da hukumar NHIA, dokar kuma ta ce ko wane ɗan ƙasa ya shiga wani shiri. Jiharmu tana da tata hukumar, JICHMA, wadda aka kafa zamanin Gwamna Badaru, ofishinta yana Dutse. To, yanzu katin ya zama iri iri, mutane suna ta rikita su. Wani ya ji maƙwabcinsa bai biya kome ba, shi kuwa an ce ya biya, sai ya ce an cuce shi, alhali katinsu ba ɗaya ba ne.

KATIN DA BA A BIYA

Da wannan za mu fara, domin shi ya fi shafar mutanen ƙauye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci da maganin marasa ƙarfi. Daga cikin wannan asusu ne a ke biya wa waɗansu mutane kuɗin kati: mata masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta ƙwarai. A jiharmu ta hannun JICHMA a ke rubuta su. Nufin shirin shi ne ko wace mazaɓa ta sami asibiti guda da ke karɓar wannan kati, Jigawa kuwa tana da mazaɓu 287 cikin ƙananan hukumomi 27.

Mai wannan kati ba ya biyan kuɗin awon ciki, ko haihuwa, ko maganin zazzaɓin cizon sauro, ko gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, ko awon hawan jini da na ciwon sukari. Rubuta suna ma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka ba shi na goro ya sa sunanka, kada ka ba shi, ka gaya wa mai unguwa.

Aibinsa guda ne, ba ya isar kowa. Ko wace mazaɓa da adadin da aka yanka mata, masu bukata kuwa sun fi adadin nesa ba kusa ba. Wanda ya ji labari da wuri, yana kuma riƙe da lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, shi ke shiga. Saboda haka ka yi wa iyalinka NIN tun ba a zo rubutu ba, har da mata da tsohuwarka. Na ga tsohuwar da ta fi kowa cancanta a garinsu ta koma gida hannu banza don ba ta da lambar nan, masu rubutu kuwa kwana biyu su ka yi su ka wuce.

Akwai kuma abubuwan da ba su bukatar kati ko wane iri. Allurar rigakafin yara kyauta ce. Maganin tarin fuka kyauta ne, haka na kuturta, haka na cuta mai karya garkuwar jiki. A babban asibitin Jahun likitocin ƙungiyar MSF suna aiki tun 2008 a kan matan da haihuwa ta zo wa da gardama da masu yoyon fitsari, ba su karɓar kuɗi. Kada ka ƙi kai mai tari don ba ku da kati.

KATIN MA'AIKATA

Watakila ka ce wannan ba ruwanka, kai manomi ne. Amma da wuya a sami gida yanzu wanda ba shi da ɗa ko ƙane ɗan sanda, ko soja, ko malamin makaranta, ko ma'aikaci a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ma'aikacin Tarayya katinsa na NHIA ne. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma nasu na JICHMA ne, daga albashi a ke cirewa.

Ga inda rigima ta ke. Katin ma'aikacin Tarayya yana ɗaukar shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya 4 na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mutum 6 ke nan. Wanda ya tsara wannan da ƙaramin gida ya yi lissafi, mu kuwa a nan mutum yana da mata 2 ko 3, da 'ya'ya 12, ga iyaye, ga marayun ɗan'uwa. Sauran sai an rubuta su daban an biya musu daban. Mai mata biyu ya zauna ya yi shawara da iyalinsa a fili tun kafin ya cika takarda, kada maganar ta fito ranar da wadda ba a rubuta ba ta fara naƙuda. Ma'aikacin jiha kuma ya tambayi ofishin JICHMA mutum nawa nasa katin ya ɗauka, ya sa a nuna masa a rubuce.

Kada a ari katin wani. Na san abin da ke sa a yi, tausayi ne. Amma fayil ɗin asibiti yana ɗauke da labarin jikin mai shi, irin jininsa da maganin da ba ya karɓarsa. In aka kawo Hadizar wani gida da katin wata Hadiza, aka yi aiki da abin da ke rubuce, ana iya yin ɓarnar da ta fi kuɗin magani.

Mai katin NHIA kuma ya kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani a ɗakin ba da magani. In maganin na naira 5,000 ne, naira 500 ce rabonsa. Wannan ƙa'ida ce, ba cuta ba ce. Abin da ba ƙa'ida ba shi ne a ce ya biya duka.

KATIN DA MUTUM KE SAYA DA KANSA

Manomi ko ɗan kasuwa wanda bai shiga na kyauta ba yana iya sayen kati na shekara. NHIA ta buɗe irin wannan a 2020 da sunan GIFSHIP, na mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya. Sa'ad da aka buɗe shi kuɗin ko wane kai naira 15,000 ne a shekara, an ƙara tun daga nan. JICHMA ma ba don ma'aikata kaɗai aka kafa ta ba. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da a ke kira HMO, nasu ya fi tsada, asibitocinsu kuma galibi a birni su ke.

Ka yi lissafi da hankali. Ko da tsohon farashin nan, gidan mutum 10 naira 150,000 ke nan a tashi ɗaya. Ba kowa zai iya ba. In ƙarfinka bai kai ka rubuta kowa ba, ga shawarata: ka fara da mace mai haihuwa wadda ba ta sami na kyauta ba, da mai ciwon da ba ya rabuwa da magani, kamar hawan jini, ko ciwon sukari, ko amosanin jini. Su ne su ke zuwa asibiti ko wane wata. Saurayi mai ƙarfi ya jira baɗi.

In mai sayar da kati ya zo, kada kyan takardarsa ya ruɗe ka. Tambayar farko: wane asibiti zan riƙa zuwa? In kana Sakwaya ko Kudai aka ce asibitinka yana Kano, katin nan ado ne kawai, kuɗin mota zai cinye amfaninsa. Sa'an nan ka tambayi yaushe zai fara aiki, gama yawancin katunan saye suna da kwanakin jira bayan an biya. An yi haka ne don kada mutane su zauna sai ciwo ya kama su tukuna su zo su saya. Wanda ya sayi kati matarsa tana wata tara ya makara. Ka tambayi abin da ba ya ciki. Ba katin da ya ɗauki kome da kome. A shirin NHIA waɗansu manyan hotuna rabin kuɗi a ke biya maka, fita waje neman magani kuwa ba ya ciki sam. Kuɗin kuma ka biya a banki ko a ofis, ka karɓi rasit. Kada ka danƙa wa mutum a gindin bishiya.

YADDA KUƊIN KE TAFIYA

Wannan sashe ka karanta shi sau biyu, domin a nan yawancin ɓacin rai ya ke fitowa.

Ranar da aka rubuta ka, an ɗaura sunanka ga asibiti guda. Ko wane wata ana aika wa asibitin nan kuɗi a kan ko wane kai da ke cikin littafinsa, ko mutum ya zo ko bai zo ba. A shirin Tarayya shekaru da yawa naira 750 ce ko wane kai, sai a 2024 da 2025 aka ƙara. Da kuɗin nan asibiti zai sayi magani ya yi ƙananan gwaje-gwaje. To, ka ga in ka ɗauki katinka ka tafi wani asibiti daban, su ba a aiko musu da kuɗinka ba, sunanka ba ya littafinsu. Za su ce ka biya, kuma gaskiya gare su.

In ciwo ya fi ƙarfin asibitinka, malamin wurin zai rubuta maka takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Dutse, ko Rasheed Shekoni, ko asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Can kuɗin aikin ba a aike shi tun da wuri ba. Sai sun yi aiki su rubuta su nemi a biya su. Domin haka ba su son su taɓa ka sai sun ga takardar turawa, a shirin NHIA kuma sai kamfanin HMO ya ba da lambar izini. Jiran lambar nan ya wahal da mutane ƙwarai, mai ciwo yana kwance a benci ana ta buga waya. Daga Afrilu 2025 NHIA ta umurci kamfanonin su ba da amsa cikin awa 1. Ta kuma ce in abin gaggawa ne a fara magani, a nemi lambar daga baya cikin awa 48. Ka riƙe wannan, in an ce ka jira ka faɗe shi cikin ladabi.

Sai maganar "babu". Ka miƙa takardar likita, mai ba da magani ya ce wannan ya ƙare, je ka kemis. Wani lokaci sakaci ne, ba na kāre kowa. Amma sau da yawa kuɗin ne bai iso kan kari ba, ko kuwa ya iso farashi ya riga ya tashi. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ga irin wannan. A 2005 da 2006 su ka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aikin fid da jariri kyauta ne, mutane su ka yi murna, amma Gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci har kantocin magani su ka riƙa bushewa.

Kafin ka tafi kemis, ka koma wurin wanda ya rubuta maganin ka tambaye shi ko akwai wani a nan mai yin aiki iri ɗaya. Shirin yana da jerin magunguna da sunansu na asali. Ƙwaya ɗaya tana iya zuwa cikin kwali biyar da farashi biyar, mai kyan kwali kuwa bai fi ɗan'uwansa warkarwa ba.

KAFIN ALƘALAMI

Bari in ba ka labarin wani ɗan'uwana. Ma'aikaci ne, yana da kati. Ciwon ciki ya kama ɗansa da tsakar dare. Bai tsaya neman takardar turawa ba, ya wuce da shi wani asibiti da ba nasu ba. Aka ce aiki za a yi, a ajiye kafin alƙalami. Ya sayar da sa guda da safe, ya biya, aka yi aiki, yaro ya tashi, alhamdu lillahi. Ba wanda zai ga laifinsa a wannan. Amma bai nuna katin ba sai ranar sallama, bai buga wa kamfaninsa waya ba, rasit ɗin kemis kuwa guda biyu su ka ɓace, ɗaya an rubuta shi a bayan kwalin magani ba hatimi. Na raka shi neman a maido masa har sau huɗu. Yau a ce mai sa hannu ba ya nan, gobe a ce a kawo bayanin likita. Daga ƙarshe abin da ya samu bai kai rabin kuɗin san ba, kuɗin mota kuma ya ci nasa rabo.

Dokar 2014 ɗin nan, sashe na 20, ta hana ko wane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi taimakon mai ciwon gaggawa bisa ko wane dalili. Wanda ya ƙi, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Dokar ba ta ce magani kyauta ne ba. Cewa ta yi a ceci rai tukuna, a yi maganar kuɗi daga baya. A Nuwamba 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar aikin fid da jariri kyauta ga matan da ba su da hali a asibitocin da aka zaɓa. In an ce za a yi wa matarka aiki, ka tambaya ko asibitin yana cikin shirin kafin ka kama igiyar sa.

Duk da haka akwai ranar da tilas ka biya, ran ɗanka ya fi gardama. To, ka biya, amma ka yi haka. Ka nuna katin tun a bakin ƙofa, ka nemi ma'aikacin da ke kula da masu kati, kusan ko wane babban asibiti yana da tebur nasu. Wani daga cikinku ya buga lambar wayar hukumar ko kamfanin a ranar, ya rubuta sunan wanda ya amsa da lokacin. Ko wane kuɗi ka biya a wurin biya, ka karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata da sunan majiyyaci daidai yadda ya ke a kati. In a kati Muhammad ne, kada a rubuta Mamman. In an ce magani babu, mai ba da magani ya rubuta haka a jikin takardar likita ya sa hannu, sa'an nan ka saya a waje. Ran sallama ka roƙi takardar da ta faɗi ciwon da aikin da aka yi.

Kada ka bari a kwana biyu. Ka kai kukanka cikin makon nan, a rubuce, ka sa a yi hoton takardun duka, ka ba da hoton ka riƙe na ainihi, ko kuwa in sun ce sai na ainihi, wanda ya karɓa ya sa hannu a kan hoton. Ka fara da shugaban asibitinka. In na kyauta ne, akwai kwamitin mazaɓa mai lura da asibitin, dagaci ya san mutanensa. In bai yiwu ba ka wuce ofishin JICHMA, mai katin Tarayya kuwa ofishin NHIA da ke Dutse. Faɗa da malamin da ke bakin taga ba ya maido kuɗi, shi ma ba a hannunsa su ke ba. In kuwa asibitin da aka ɗaura ka ya cika "babu", kana da ikon neman a canza maka wani.

Katin saye shekara guda ya ke yi ya mutu. Ranar mutuwarsa ba ta zuwa da shela, sai ka je asibiti a duba a ce ya ƙare tun watan jiya. Ka shirya biyanka ya faɗo da kaka, sa'ad da riɗi da zoɓo su ka shiga kasuwa, ka sabunta tun da sauran wata guda. Jaririn da aka haifa a kai a rubuta shi, katin uwa ba zai ɗauke shi har abada ba.

Ka sami leda mai kauri ka zuba katunan gidan duka da rasit, ka sa a akwati inda gara da ruwa ba su kai ba. Ka nuna wa uwargida wurin, ka ba ta izini tun yanzu, in kana gona ko ka tafi cin rani yaro ya yi zafi, ta ɗauki katinsa ta kawo mana shi kada ta jira ka dawo.